Yadda Ake Tsaftace Cikin Taragon Jirgin Ƙasa na Fasinjoji

Jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin tashar Idu a Abuja da tashar Rigasa a Kaduna, wanda aka ƙaddamar a watan Yulin 2016, yana cin tafiyar kilomita 186 cikin sama da awa biyu. A tsawon wannan lokaci fasinjoji suna zaune ne a tarago rufaffe, suna shaƙar iskar da na'urar sanyaya wuri take juya musu, a nan suke cin abinci, a nan yaro yake kifar da kunu, a nan mai mura yake atishawa, kuma ban ɗakin da ke ƙarshen tarago shi ne na kowa. Ƙaramin jirgin cikin birni da ya fara aiki a 2018, aka kuma dawo da shi a watan Mayun 2024, wanda ke haɗa tsakiyar Abuja da filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ta Idu, tafiyarsa ba ta kai haka tsawo ba, amma hannayen da ke kama ƙarafunansa a yini ba su da iyaka. An rubuta wannan bayani ne domin masu shara da goge-goge a irin waɗannan taragai, da shugabannin da ke duba aikinsu, da kuma wanda yake shirin karɓar kwangilar irin wannan aiki.

Tsaftar tarago ta dogara ne a kan tsarin da aka bi, wato abin da aka fara gogewa, da abin da aka bari sai ƙarshe, da tsumman da aka sa a kowane wuri, da mintunan da aka ba magani ya yi aikinsa. Ma'aikaci yana iya kwarara rabin kwalbar Izal a ƙasa, fasinja ya shigo ya ji warin asibiti hankalinsa ya kwanta, alhali tsumman da ya goge bakin masai shi ne ya goge teburin da za a ajiye wa yaro biskit. Aikin kuma ya kasu gwargwadon lokacin da jirgi ya bayar: akwai gyaran gaggawa tsakanin saukar fasinjoji da hawan wasu, akwai wankin dare bayan tafiyar ƙarshe, sannan akwai babban wanki da ake yi jefi-jefi idan an cire tarago daga aiki. Wanda ya nemi ya yi aikin dare a cikin mintunan gyaran gaggawa zai gama tarago biyu ya bar sauran yadda ya same su.

Kayan aiki da haɗa ruwan magani

Ya kamata kaya su kasance a haɗe a bakin dandamali tun kafin jirgi ya shigo, domin wanda ya tsaya neman bokiti bayan fasinjoji sun sauka ya riga ya cinye rabin lokacinsa. Kowane mai mofa yana buƙatar bokiti biyu, ɗaya na ruwan omo, ɗaya na ɗauraya. Ana kuma buƙatar burushi mai laushi na kujera da mai tauri na masai, da ledojin shara masu kauri, da abin kankare cingam na roba, da injin tsotse ƙura, da tsummoki masu launi dabam-dabam. Tsarin launin da asibitoci da yawa suke bi ya wadatar a nan: ja na ban ɗaki ne kaɗai, shuɗi na cikin tarago, kore na wurin da ake sayar da abinci. Amfanin wannan rabo shi ne shugaban aiki yana hango kuskure daga wancan ƙarshen tarago ba sai ya yi tambaya ba, kuma sabon ma'aikaci, ko bai yi karatun boko ba, yana gane ƙa'idar a ranarsa ta farko. Mofa da bokiti da safar hannu su ma su bi launin wurinsu. Shi kansa ma'aikacin ya sa safar hannu ta roba mai kauri, da takunkumi, da takalmi rufaffe wanda ba ya santsi, saboda silifa ba ta kare ƙafa daga fasasshiyar kwalba ko ruwan ban ɗaki.

Bilic, irin su Hypo da Jik, shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta mafi sauƙin samu da araha, kuma shi aka fi yin kuskure wajen haɗawa, domin yawanci da ido ake aunawa. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, lokacin annobar korona, ta ba da ƙarfi iri biyu: kashi 0.1 cikin 100 na sinadarin kulorin domin goge wuraren da ake taɓawa, da kashi 0.5 domin inda jini ko wani ruwan jikin mutum ya zuba da yawa. Sai a duba jikin kwalba a ga ƙarfin da aka rubuta. Idan an rubuta kashi 3.5, to, awo ɗaya na bilic a awo 34 na ruwa shi ne haɗin farko, wato kusan mililita 300 a bokiti mai lita 10, haɗi mai ƙarfi kuwa awo ɗaya ne a awo 6 na ruwa. Idan kashi 5 aka rubuta, haɗin farko awo ɗaya ne a 49, na biyu kuma awo ɗaya a 9. Ya kamata a keɓe kofin awo guda, a yi masa alama da fenti, a kuma manna lissafin a bangon ɗakin ajiya, don kada kowa ya riƙa haɗawa yadda ransa ya so.

Da ruwan sanyi ake haɗawa, kuma kowace rana sabo, saboda zafi da hasken rana suna kashe ƙarfin kulorin, ruwan jiya da ya kwana a bokiti ƙarfinsa ya riga ya ragu. Kada a taɓa zuba shi a gorar ruwan sha ko ta lemo, ko da an yi niyyar amfani da shi nan take, domin a tasha akwai yara, akwai kuma abokin aiki mai jin ƙishirwa. Abu mafi haɗari shi ne gauraya bilic da wani magani da nufin ƙara masa ƙarfi. Yawancin magungunan wanke masai masu cire tsatsa da tabo suna ɗauke da asid, kuma idan asid ya haɗu da bilic yakan fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu. Haka ma idan ya haɗu da abin da ke da amoniya. A ɗan ƙaramin ban ɗakin jirgi, wanda faɗinsa bai wuce mutum ya juya ba, wannan iska tana iya kayar da ma'aikaci kafin ya kai hannu ga sakata.

Dauɗa da maiƙo suna cinye ƙarfin bilic, saboda haka ana fara wanke wuri da ruwan omo, sannan a bi shi da ruwan magani. Shafa magani a kan wurin da ba a wanke ba kamar shafa hoda ne a fuskar da ba ta ga ruwa ba. Bayan an shafa, dole wurin ya zauna a jiƙe aƙalla minti ɗaya, kuma wannan mintin ne ma'aikata suka fi tsallakewa, sai a ga hannun dama yana shafawa, na hagu yana bi da busasshen tsumma. Daga baya a ɗauraye ƙarafuna da ruwa mai tsabta, domin kulorin yana cin ƙarfe da alminiyam a hankali har ya bar musu ɗigo-ɗigon tsatsa. Wurin cajin waya da madannan lantarki ba a kai musu ruwa. Ana ɗan jiƙa tsumma da sinadarin alkohol mai ƙarfin kashi 70 a goge su. Feshin magani a cikin iskar tarago kuwa, wanda ya yi tashe a zamanin korona, Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ba ta ba da shawarar yin sa a rufaffen wuri ba, domin ba ya cire dauɗa, ba ya isa lungu, sai dai ya shiga idon mai feshin da ƙirjinsa.

Gyaran gaggawa tsakanin tafiya da tafiya

Ba a shiga tarago sai fasinja na ƙarshe ya sauka kuma ma'aikatan jirgi sun ba da izini. Mutum ɗaya ya fara ratsawa daga wannan ƙofa zuwa waccan hannunsa babu komai, yana duba kantar kaya ta sama da ƙarƙashin kujeru. Waya, ko carbi, ko katin banki, ko takalmin jariri, duk abin da aka tsinta a miƙa shi ga shugaban aiki a rubuta lambar tarago da ta kujera. Jaka ko ƙunshin da babu mai shi ba a buɗe shi, ba a kuma matsar da shi, ana kiran jami'an tsaro ne. Tun bayan harin da aka kai wa jirgin Kaduna a ranar 28 ga Maris 2022 babu wanda ke buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. A wannan zagaye ne kuma ake gano inda aka yi amai ko aka zubar da abu, don a san inda za a tura ƙarin hannu.

Daga nan sai kwashe shara. Ledar fiya wata, da ɓawon gyaɗa da na ƙwai, da tuƙar rake, da takardar da aka naɗe kilishi, da robar fura da nono, su ne abin da aka fi samu, kuma mafi yawansu ba a ƙasa suke ba, ana cusa su ne a aljihun bayan kujera da tsakanin kujera da bango. Kada ma'aikaci ya zura yatsunsa inda idonsa ba ya gani. A irin waɗannan saƙo ne ake cin karo da reza, da tsinken tsire, da allurar da mai ciwon sukari ya yi amfani da ita, saboda haka da burushi ko ɗan ƙarfen kamawa ake zaƙulo abin da ke ciki, abu mai kaifi kuma a jefa shi a roba mai tauri mai murfi. Ba a danna ledar shara da hannu ko da ƙafa don ta ƙara ɗaukar kaya, ba a kuma rungumar ta a jiki, ana ɗaure ta tun ba ta cika maƙil ba.

Goge-goge yana tafiya ne daga sama zuwa ƙasa, daga wuri mai dama-dama zuwa mafi ƙazanta, kuma daga ƙarshen tarago zuwa ƙofar da za a fita, don kada a taka inda aka gama. Idan lokaci ya ƙure, to a bar gilashin taga da bango sai dare, a zuba mintunan da ake da su a kan abin da hannu ke taɓawa: mariƙin ƙofa, da ƙarfen da ake kamawa wajen hawa matakala, da saman kujerun bakin hanya inda mai wucewa yake dafawa idan jirgi ya girgiza, da wurin ɗora hannu, da teburin da ake naɗewa, ciki da bayansa da ɗan maƙallinsa. Shugabannin aiki da yawa sun fi damuwa da ƙyallin gilashi saboda shi ido ke fara gani, amma babu mai kamuwa da gudawa ta gilashin taga. Ana ninka tsumma gida huɗu ko takwas, a yi 'yan kujeru da fuska ɗaya sannan a juya wata, idan fuskokin sun ƙare a ajiye shi a ledar wanki a ɗauko sabo. Mayar da tsumma mai datti cikin bokitin magani yana lalata bokitin gaba ɗaya.

Ƙasa ita ce ta ƙarshe. A matse mofa sosai, a riƙa jan ta ana ja da baya, a ɗauraye ta a bokiti na biyu kafin a sake tsoma ta a na omo, a kuma sauya ruwan da zarar ya yi ja, ba sai an kai tarago na ƙarshe ba. Ƙasa ta bushe kafin a buɗe wa fasinjoji ƙofa, domin tsoho mai sanda ko mace mai goyo da jaka a hannu ba sa lura da santsi sai sun faɗi.

Ban ɗaki

Nan ne aikin ya fi nauyi, kuma a tafiya mai tsawon awa biyu gyara ɗaya a tasha ba ya isa, sai an sami wanda zai riƙa leƙawa ana cikin tafiya. Dalili kuwa shi ne yawancin fasinjojinmu da ruwa suke tsarki, wasu kuma a nan suke alwala, jirgi yana tafiya yana jijjiga, don haka ƙasan ban ɗakin ba ya daɗewa bai jiƙe ba, takalma kuma su kwaso wannan ruwa su rarraba shi a tsakiyar tarago, inda yara ke zama a ƙasa, inda ake ajiye ledar abinci. Cututtukan amai da gudawa, har da kwalara da taifot, ta hanyar bahaya suke kaiwa ga baki, kuma hannu da ruwa ne ke yi musu jigila.

A shiga da jajayen kaya kaɗai, a bar ƙofa a buɗe. A fara zuba maganin masai a bar shi yana jiƙa, sannan a goge madubi, da kan famfo, da kwanon wanke hannu, da bango daidai inda ruwa ke fantsama, da ƙarfen dafawa, da madannin kora ruwa, sai murfin masai da mazauninsa sama da ƙasa, sai cikinsa da burushi, ƙasa kuma daga ƙarshe, har bayan masai inda fitsari ke taruwa ya yi wari. Sakatar ƙofa ta ciki tana buƙatar kulawa ta musamman, domin kowa yana taɓa ta, har wanda bai wanke hannu ba, kuma ita ce aka fi mantawa saboda ma'aikaci yana aiki ne ƙofa a buɗe, sakatar tana ɓoye a bayanta. Idan akwai buta, a wanke ta da omo, a bi mariƙinta da bakinta da gindinta da ruwan magani, a ɗauraye, a ajiye ta a wurin da ba ta zauna cikin ruwan ƙasa ba. Butar da ta tsage ko ta yi kore a ciki a jefar da ita.

Ya zama akwai sabulun ruwa da kwandon shara mai murfi. Rashin kwandon ne ke sa a jefa famfas ɗin yara da audugar mata da leda a cikin masai, kuma bututun masan jirgi siriri ne, abu kaɗan ke toshe shi. Idan ya toshe, ko ruwan tanki ya ƙare, abin da ya dace shi ne a kulle ban ɗakin, a manna sanarwa, a shaida wa masu gyara. Barin sa a buɗe babu ruwa don gudun ƙorafin fasinjoji yana jawo ƙazantar da za ta fi ƙorafin muni. Kada kuma a zuba asid mai ƙarfi ko soda a bututu da sunan buɗe shi, domin suna cin robobin da ke riƙe da mahaɗar bututun.

Amai, jini da fitsari

Idan aka yi amai ana cikin tafiya, a fara da mutane kafin wuri. Uwar da ɗanta ya yi amai kunya ta riga ta kama ta, kuma sau da yawa za a tarar tana ƙoƙarin gogewa da gefen zaninta ko da hannu. Kalma mai daɗi tana sauƙaƙa aikin: "Sannu Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ki kula da yaron, mu za mu gyara wurin." Na kusa kuma a ce musu, "Alhaji, a yi haƙuri a ɗan koma waccan kujerar." Sai ma'aikaci ya sa safar hannu da takunkumi, ya rufe aman da takarda mai tsotse ruwa ko garin katako, ya ba shi ɗan lokaci, sannan ya kwashe da guntun kwali daga gefe zuwa tsakiya, ya zuba a leda ya ɗaure, ya sake saka ta a wata ledar. Bayan haka a wanke wurin da ruwan omo, a shafa haɗin kashi 0.5 a bar shi kamar minti 10, a ɗauraye. A faɗaɗa gogewar zuwa ƙafafun kujeru da bangon da ke kusa, saboda amai yana fantsama nesa da inda ido ya gani. Ba a share shi da tsintsiya, ba a kuma tsotse shi da injin ƙura.

Jini haka ake yi masa, sai dai idan a kan yadi ne da ruwan sanyi ake fara cire shi, ruwan zafi yana dafa shi ya kama. Fitsari mai yawa a fara tsane shi a wanke da omo kafin a kawo bilic, domin zuba bilic kai tsaye a kansa yana tayar da iska mai shaƙe mutum. Kujerar yadi da amai ko fitsari ya ratsa ba ta gyaruwa a cikin tafiya: a rufe ta da leda, a hana zama, a rubuta lambarta domin masu aikin dare. Bayan an gama, ma'aikaci ya wanke hannu da sabulu da ruwa na aƙalla daƙiƙa 20 ko da ya sa safa, kuma kada ya dogara da man goge hannu na alkohol kaɗai, saboda wasu ƙwayoyin cutar amai da gudawa ba ya kashe su yadda ya kamata.

Wankin dare, hunturu da damina

Da dare ne ake samun sararin kujeru. Kujera mai rufin roba ko fata ruwan sabulu mai sauƙi ya ishe ta, bilic na yau da gobe yana busar da ita har ta tsattsage, kuma tsagar nan ita ce maɓoyar datti da ƙwari. Kujerar yadi ana tsotse ta da inji, ana bin ɗinki da mahaɗar mazauni da majingina. Wurin jingina kai yana tara man gashi da gumi har ya yi baƙin da'ira mai sheƙi, haka ma gilashin taga daidai inda mai gyangyaɗi yake jingina goshi. Waɗannan maiƙo ne, sabulun wanke-wanke ne maganinsu. Manja da man kilishi ana danna musu tsumma ne a tsane, sannan a sa kumfar sabulu daga gefen tabon zuwa tsakiya, domin cuɗawa da ƙarfi faɗaɗa shi take yi. Zoɓo da yawun goro suna rina yadi, saurin kai musu ruwan sanyi da sabulu shi ne dabara. Cingam a ɗora masa ƙanƙara a cikin leda har ya sandare, sannan a kankare. Fura da nono ko madara idan suka shige cikin soson kujera sai an wanke har ciki an tsotse ruwan, in ba haka ba bayan kwana biyu tsami zai cika taragon, kuma babu turaren da zai danne shi. A taƙaita ruwa a kan kujera ƙwarai, a tabbata ta bushe kafin safiya, saboda soso mai danshi a tarago mai sanyi fumfuna yake yi. Yawan fesa turaren ɗaki ma ba alheri ba ne, domin a cikin fasinjoji akwai masu asma da masu juna biyu da ba su da tagar da za su buɗe.

Yanayin Abuja yana sauya aikin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma shara da busasshiyar tsintsiya tayar da ita kawai take yi, na'urar sanyaya wuri ta zuƙe ta, ta sake watso ta kan kujerun da aka goge. A wannan lokaci da inji da tsumma mai ɗan danshi ake aiki. Matatar iskar na'urar tana saurin toshewa, amma buɗe ta aikin injiniyoyi ne, na mai shara shi ne ya goge ragar da iska ke fitowa, ya kuma kai rahoto idan ya ga baƙin layin ƙura a gefenta ko ya ji iskar tana warin rima. Da damina kuwa, daga Afrilu zuwa Oktoba, jar laka ce ke biyo takalma, don haka a shimfiɗa abin goge ƙafa a bakin ƙofa, a kuma bar lakar da ta kama yadi ta bushe kafin a karkaɗe ta da burushi.

Ɓera, kyankyaso da kuɗin cizo

Ɓurɓushin abinci da aka bari ya kwana a tarago gayyata ce ga ɓeraye, kuma a ƙasar nan wannan ya wuce maganar cin waya da soson kujera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, yana yaɗuwa ne ta abinci da kayan da fitsari ko kashin wani nau'in ɓera ya taɓa, kuma ya fi tsananta da rani. Saboda haka babu ledar shara da za ta kwana a cikin jirgi, kuma duk inda aka ga kashin ɓera ba a share shi a bushe; ana jiƙa shi da haɗin bilic mai ƙarfi, a bar shi 'yan mintuna, a kwashe da takarda da safar hannu. Kyankyaso ya fi son wurin sayar da abinci da bayan kwandon shara, inda ake samun ɗumi da danshi.

Kuɗin cizo a cikin kayan fasinjoji yake shigowa, kuma tarago mafi tsafta ma bai tsira daga gare shi ba. Ana gane shi ta ƙananan baƙaƙen ɗigo a ɗinkin kujera da gefen labule, saboda haka a babban wanki a riƙa buɗa ɗinki ana haskawa da tocila. Zafi ne ya fi kashe shi: labule da rigunan kujera a wanke su da ruwa mai zafin digiri 60 a ma'aunin Selshiyas, kujerun kuma a bi su da injin tururi. Kada ma'aikaci ya yi gaban kansa ya yayyafa fiya-fiya ko makamancinsa a tarago. Irin waɗannan guba, waɗanda hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da su tun 2019, ba a yi su don rufaffen wurin da mutane za su zauna awa biyu ba. Feshin ƙwari aikin masu lasisi ne, ana yin sa bayan an cire tarago daga aiki, a bar shi ya sha iska, a goge tebura da wuraren ɗora hannu kafin ya koma layi, sannan a maimaita bayan kamar mako biyu, domin ƙwan kuɗin cizo yakan tsallake feshin farko ya ƙyanƙyashe daga baya.

Dubawa da ajiye kaya

Shugaban aiki ba zai ga komai ba idan ya tsaya a bakin ƙofa ya leƙa. Ya zauna a kujera kamar fasinja, ya sauke tebur, ya duba aljihun da ke gabansa, ya shafa farin tsumma a ƙarƙashin wurin ɗora hannu da saman kantar kaya, ya shiga ban ɗaki ya rufe ƙofa ya tsaya ɗan lokaci, domin sai ƙofa tana rufe ake jin warin da ya rage, ake kuma ganin sakata. Ya sauya kujerun da yake dubawa kowace rana don kada ma'aikata su haddace su. Takardar da ke manne a kowane tarago ta nuna lokacin da aka yi gyara, da sunan wanda ya yi, da abin da ya lalace, kamar famfo mai yoyo, ko kujerar da ta yage, ko fitilar da ta mutu, kuma a miƙa kwafinta ga masu gyara a daren.

Tsummoki a wanke su launi-launi, jajaye dabam, da omo da ruwan zafi, a shanya su a rana su bushe ƙarau. Kan mofa a wanke shi a rataye, kansa a ƙasa, ba ya taɓa daɓe, domin mofar da ta kwana a cikin ruwan bokiti da safe wari da ƙwayoyin cuta za ta shimfiɗa a tarago na farko. A zubar da ragowar ruwan magani a magudana, a kife bokitai, a kulle bilic da maganin masai a kantoci dabam-dabam a ɗaki mai iska, kuma ma'aikaci ya cire rigar aiki ya bar ta a wurin wanki, ya wanke hannu da fuska kafin ya hau motar Kubwa ko ta Gwagwa zuwa gida.